Tambayi Makanike: Motata Tana Rawa, Daga Ina Matsalar Take?

Wasiƙun da suka zo mana a wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suke: mota tana karkarwa, ko sitiyari yana rawa, ko kuma tafiya ta koma gargada ko da a kan kwalta mai kyau. Ba abin mamaki ba ne, damina ta bar ramuka a hanyoyi, kuma ƙafafun mota ne ke shan wahalar. Roƙonmu ga duk mai irin wannan matsala shi ne kada ya sayi ko da noti ɗaya sai ya lura da lokacin da rawar take zuwa. A wane gudu take farawa? A sitiyari ake jin ta, ko a kujera, ko a ƙarƙashin ƙafa? Sai an taka birki take zuwa, ko sai an taka totur, ko tana nan ko da mota tana tsaye? Wanda ya je gareji da waɗannan amsoshi a bakinsa ya rage wa makanike rabin aiki, ya kuma tsare aljihunsa.

Assalamu alaikum. Ina da Corolla ƙirar 2006. Da zarar na kai gudun kilomita 90, sai sitiyari ya kama rawa a hannuna, idan na wuce 120 sai ta ragu. Sau biyu ana yi mini alaimen amma babu canji. Daga wani malamin makaranta, Zariya.

Wa'alaikumus salam, Malam. Maganin da aka ba ka ba na wannan ciwon ba ne. Alaimen yana gyara fuskantar tayoyi, wato idan mota tana janye ka gefe ɗaya, ko sitiyari ya karkace, ko taya tana cinyewa ta gefe guda. Rawar da ke zuwa tsakanin gudun 80 da 110, ta kuma lafa idan an wuce ko an rage, kusan kullum ta rashin balansin ce.

Ga dalilin. Tayar Corolla irin taka, mai lamba 195/65R15, tana juyawa kusan sau 14 a kowace daƙiƙa idan kana gudun kilomita 100. Idan gefe ɗaya na wilin ya fi ɗayan nauyi da giram 30 kacal, a wannan gudun nauyin yana fizgar ƙafar motar da ƙarfin da ya haura kilo 4, sau 14 a daƙiƙa. Idan aka ninka gudu, fizgar takan ninka har huɗu. Shi ya sa a cikin gari ba ka jin komai, sai ka hau babbar hanya.

Kafin ka biya kowa, ka leƙa bayan wilin. A wannan lokacin laka takan bushe a cikin wili ta manne a gefe ɗaya, kuma dunƙulen laka ya isa ya jawo duk abin da ka bayyana. A wanke cikin wilin sosai, ba fuskarsa kaɗai ba. Ka duba bakin wilin kuma, ko akwai gurbin da ƙaramar darmar balansin ta faɗi. Wurin yakan bar tabo mai haske ko ragowar gam.

Idan ka je wurin masu na'ura, ka tsaya a kansu. A cire tsofaffin darmomi duka kafin a ɗora wilin, a cire tsakuwar da ta maƙale a zanen tayar, a kuma daidaita iska. Bayan an manna darma, a sake juya wilin har na'urar ta nuna sifili a ciki da waje. Idan ka ga taya ɗaya tana neman darma mai yawa, kamar giram 80 ko 100, kada ka yarda a yi ta jibga mata. A sauke iskar, a juya tayar rabin zagaye a kan wilin, a sake gwadawa. Idan har yanzu haka ne, to wilin ya lanƙwashe ko tayar ta lalace. Kuma a yi duka huɗun: ta gaba tana bayyana a sitiyari, ta baya a kujera da ƙasan mota.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A mayar da tayoyin gaba baya, na baya su dawo gaba. Idan rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, ka kama mai laifi.

Ni direban tasi ne, Golf nake ja. Tun da na faɗa wani rami, motar tana rangaji a ƙaramin gudu, kamar 20 zuwa 40, sitiyari yana kaiwa da komowa a hankali. Tayoyina 'yan Beljiyam ne amma zanensu da saura. Daga Kaduna.

Direba, wannan ba balansin ba ne, domin rashin balansin ba ya nuna kansa a gudun 30. Abin da kake ji alama ce ta cewa ƙafa ɗaya ta daina zama da'ira. Ko wili ya lotsa, ko wayoyin ƙarfen da ke cikin taya sun rabu da robar, abin da masu faci ke cewa taya ta yi ƙwai ko ta murɗe.

Ka ɗaga ƙafar da jak a wuri mai faɗi, ka sa dutse a tayoyin da ke ƙasa. Ka ajiye bulo kusa da tayar, ka ɗora alli a kansa yadda bakinsa zai kusa taɓa zanen, sannan ka juya tayar da hannu. Idan allin yana taɓawa a wuri ɗaya yana bari a wani, ko ka ga zanen yana karkacewa hagu da dama maimakon ya tafi a miƙe, tayar ta tashi aiki. Ka maimaita a bakin wilin, waje da ciki. Mutane sukan manta da bakin wilin na ciki, alhali shi ne ya fi lotsewa idan an daki rami, domin ba shi da abin da ke tallafe shi. Ka shafa gefen tayar na ciki da tafin hannu, kumburi yakan ɓuya a can.

Wilin ƙarfe ana iya buge shi ya miƙe. Na alminiyom idan ya tsage, canzawa ya fi walda. Amma taya mai kumburi ko murɗewa ba ta da gyara, kuma kada ka mayar da ita baya ka ce ai ba a gaba take ba. Fashewar tayar baya a kan gudu tana juya mota.

Game da tayoyin Beljiyam, zane ba shi ne shekaru ba. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2316, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2016. Kamfanin Michelin da kansa yana cewa taya idan ta kai shekara 5 a riƙa duba ta kowace shekara, idan ta kai 10 a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba. Wannan kuwa lissafi ne na gaba ɗaya, ba a yi shi don zafin kwaltarmu ta watan Afrilu da lodin tasi ba. Tsohuwar roba ta riga ta bushe, rami ɗaya ya ishe ta.

Motata Honda Accord lafiya lau take tafiya, amma idan na taka birki daga babban gudu sai sitiyari ya yi ta kaɗawa, birkin ma yana harbin ƙafata. An canza fad, abin bai daina ba. Daga wata ma'aikaciyar asibiti, Katsina.

Hajiya, fad, wato abin da ke goga faifai idan an taka birki, ba shi da laifi a nan, faifan birki ne. Faifan ya daina zama da kauri ɗaya a duk zagayensa, wani wuri ya fi wani tudu. Bambancin da ido ba ya gani, wanda bai kai kaurin gashi ba, ya isa ya tura man birki baya duk lokacin da tudun ya ratsa tsakanin fad, shi ne harbin da kike ji a ƙafa. Tunda sitiyari yana kaɗawa, faifan gaba ne. Da na baya ne, da a kujera za ki fi ji.

A jikin kowane faifai an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai. A auna. Idan da saura sosai, ana iya kai shi wurin masu injin sassaƙar ƙarfe a share fuskokin biyu. Idan sharewar za ta kai shi ƙasa da wannan lamba, a sayi sabo, kuma biyu, hagu da dama tare. Faifan da ya yi siriri yana saurin ɗaukar zafi, bayan wata biyu za ki dawo inda kika fito.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne a gano dalilin lalacewarsa, in ba haka ba sabon ma haka zai yi. Dalili na farko da muka fi gani shi ne ɗaurin noti. Yaron shago ya sa dogon bututu a sifana ya hau ya yi tsalle a kan noti ɗaya, saura kuma ya ɗaure da hannu. Wannan yana karkata faifan a mazauninsa. Notin Accord ana ɗaure shi ne a kan awo 108 na niyuton-mita, na Corolla da Camry 103, kuma a tsallake-tsallake, ba a bi su a jere ba. Na biyu, tsatsa ko yashi a fuskar da faifan ke zama. Dole a goge ta da burushin ƙarfe har ta yi ƙyalli kafin a ɗora sabo. Na uku, kalifa, wato muƙamuƙin da ke matse faifan, ya daskare ba ya saki. Gane wannan ba wuya: bayan tafiyar minti goma ba tare da yawan birki ba, ki kusantar da bayan hannunki ga kowane wili ba tare da kin taɓa ba. Wanda ya fi sauran zafi sosai, ko yake warin ƙuna, nan ne. A kwance fil-fil ɗin da kalifa ke zamewa a kansu, a wanke, a sa giris mai jure zafi.

Abu ɗaya da ba matsala ba: idan kika taka birki da ƙarfi a kan yashi ko jiƙaƙƙiyar kwalta kika ji yana kakkaɓewa da sauri tare da ƙara, na'urar ABS ce take aikinta. Kada ki ɗaga ƙafa.

Camry ce da ni. Idan na taka totur, musamman a hawa ko da mutane a ciki, gaban motar yana girgiza. Ina ɗaga ƙafa sai ta daina. Ban daɗe da sa aka ɗaga mini ita ba saboda hanyar unguwarmu. Daga wani ɗan kasuwa, Gusau.

Alhaji, ka riga ka faɗi amsar a tambayarka. Rawar da ke bin totur, ta ɓace idan an sake shi, ta shaf ce, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa taya, kuma mahaɗarsa ta ciki, wadda ke kusa da giya. Mahaɗar waje alamarta daban: ƙas-ƙas-ƙas idan an karya kwana sosai. Ta ciki ba ta yawan ƙara, girgiza take yi idan inji ya ɗora mata nauyi.

Ɗaga mota yana ƙara karkacewar shaf. Mahaɗar da ta yi shekaru tana aiki a wuri ɗaya, ta riga ta ci gurbinta a can, yanzu an tilasta mata aiki a sabon wuri, sai ta yi ta tuntuɓe da bakin tsohon gurbin. Idan ɗagawar ta yi yawa, ko sabon shaf ma zai yi rawa. A sa motar a rami, a duba robar da ke rufe mahaɗar. Idan ta yage za ka ga baƙin giris ya fantsama a kewaye, kuma yashi ya riga ya shiga. A kama shaf ɗin a jijjiga sama da ƙasa kusa da giya. Motsi mai yawa yana nuna ya ci. Robar da aka kama da wuri ana canza ta a wanke mahaɗar a zuba sabon giris. Wadda ta daɗe a yage, sai dai shaf. Shawararmu ita ce a rage tsayin abin da aka saka, a kuma sake alaimen, domin duk ɗagawa tana ɓata shi.

Masu Hiace da Hilux, naku yana wajen furofela ne, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya. Kuros, wato mahaɗar furofela, idan ya bushe yakan yi ƙaram idan an sa giya, sannan ya kawo wata jijjiga mai sauri a ƙarƙashin kujera wadda take ƙaruwa da gudu. A duba har da boris ɗin tsakiya da robarsa. Kuma duk wanda zai kwance furofela ya yi mata alama da fenti kafin ya raba ta biyu, domin idan aka mayar da ita a karkace da haƙori ɗaya, rawar da ba ta nan a da za ta zo.

Idan motar mai giyar otomatik ce kuma karkarwar tana zuwa ne a gudun 60 zuwa 80 da ɗan totur kaɗan, ta ɓace da zarar an ɗan taɓa birki ko an ƙara wuta, a fara da man giya. Kowace giya da manta: tsofaffin Toyota na neman T-IV, na baya-baya WS, Honda kuma DW-1. Jan mai na galan da ba a san asalinsa ba ya kashe giya da yawa.

Tawa a tsaye take yi. A go-silo, idan giya tana kan D kuma na kunna AC, har madubi rawa yake. Daga wani mai karatu, Maraɗi.

Tunda mota ba ta motsi, ka cire taya da birki da shaf daga lissafi. Saura biyu: ko injin ne ba ya tafiya daidai, ko robobin da yake zaune a kansu, waɗanda makanikai ke kira injin-sit, sun mutu.

Ka saurari salansa. Idan kana jin fut-fut jefi-jefi, allurar silo tana hawa da sauka, mota ta rage ƙarfi tana shan mai, to silinda ɗaya ba ta ƙona mai yadda ya kamata. A sa na'urar bincike. Lambar P0301 tana nufin silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe, P0300 kuma tana nufin abin yana yawo. Kada a sayi koyil huɗu, wato abin da ke ba fulogi wuta, don an ga lamba ɗaya. A musanya koyil ɗin silindar da ake zargi da na maƙwabciyarta, a goge lambar, a tayar. Idan matsalar ta bi koyil, shi ne. Idan ta tsaya inda take, a musanya fulogi, sannan a duba nozul, mai fesa fetur cikin silinda. Idan abin ya fara ne daga shan mai a wurin 'yan bumburutu, a zargi ruwa ko datti a tanki kafin komai. Fitilar inji idan tana ƙiftawa, ba kunne kawai take ba, a tsaya: ɗanyen fetur yana zuba cikin salansa yana ƙona matatar hayaƙi, kuma kuɗinta ya ninka na fulogi sau da yawa.

Idan kuwa inji yana tafiya sumul, silo yana tsaye wajen 700, amma jiki na rawa a D ya lafa a N, injin-sit ne. A buɗe bonet, a ja birkin hannu, mutum ɗaya ya danne birki sosai ya sa D ya ɗan taɓa totur, sannan R, wani yana kallo daga gefe, ba daga gaba ba. Injin da ya yi tsalle ya nuna robar da ta yanke. Wasu robobin akwai mai a cikinsu, za ka ga ya tsiyaye. Masu cika su da narkakkiyar roba ko guntun taya suna ƙara rawar ne, domin abin ya zama tauri, duk motsin inji ya wuce kai tsaye zuwa jikin mota.

Motata ta koma kamar amalanke, kowace tsakuwa sai na ji ta a bayana. Makanike ya ce shokozoba huɗu zan saya. Daga wata mai karatu, Jos.

Hajiya, kafin shokozoba, ki auna iskar tayoyinki da safe kafin mota ta yi tafiya. Masu faci da yawa suna bugawa har 45 ko 50, wasu suna karanta lambar da ke jikin taya, alhali wannan ita ce iyakar abin da tayar za ta ɗauka, ba abin da motar ke so ba. Abin da motar ke so yana kan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35. Iska mai yawa tana sa mota tsalle, tana cinye tsakiyar taya, tana rage kamun birki. Ki sayi ƙaramin gejinki ki ajiye a mota, domin na bakin hanya sun sha faɗuwa ƙasa.

Sai girman wili. Taya 195/65R15 tana da gefe mai tsayin kusan milimita 127. Idan an sa manyan wili don ado da taya 215/45R17, gefen ya koma 97. Wannan milimita 30 da aka rasa ita ce ke shanye duka kafin ya iso gare ki.

Shokozoba da ya mutu yawanci ba tauri yake sa mota ba, lilo yake sa ta: ta ci gaba da sama da ƙasa bayan an wuce tudun rage gudu, hancinta ya nutse idan an taka birki, ƙasanta ya daki hanya idan akwai kaya. A duba jikinsa ko mai ya jiƙa shi ya kama ƙura. A danna kusurwar motar da ƙarfi a saki, ya kamata ta dawo ta tsaya, idan ta yi lilo fiye da sau biyu ya gaji. A shafa zanen taya, idan ya ci tudu da kwari a jere, tayar tana tsalle a kan hanya. Amma akwai wanda ya lanƙwashe ko ya daskare, wannan idan an danna ba ya ma nutsewa, shi ne ke kawo taurin da kika faɗa. Ana canza su biyu-biyu, na gaba tare ko na baya tare, ba dole huɗu a lokaci ɗaya ba. A duba sifirin ko ya karye a zagayen ƙasa, da bushin na hannuwan ƙafa. Ƙwanƙwasa a kan ƙananan ramuka sau da yawa ɗan linkej ne, wato ƙaramin ƙarfen da ke haɗa ƙafa da sandar hana tangaɗi, wanda kuɗinsa bai kai na shokozoba ba.

Ina da tafiya Kano zuwa Maiduguri, motar tana 'yar rawa da gurnani. Zan iya lallaɓawa in dawo in gyara? Daga wani mai karatu, Kano.

Tafiyar da ta kusa kilomita 600 ba wurin lallaɓa ƙafar mota ba ce. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, yana canza murya idan ka ɗan karkata sitiyari hagu ko dama, boris ɗin ƙafa ne, kuma idan ya yi zafi yana iya kamewa. Ka ba motar rabin awa kafin ka tashi. A ɗaga kowace ƙafa, a kama tayar sama da ƙasa a jijjiga: motsi a nan boris ne ko bol-join, wato mahaɗar da ke riƙe ƙafar a hannunta. A kama ta hagu da dama: motsi a nan tayarod ne, wato sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafa. A juya ta da hannu ana riƙe da sifirin, boris mara lafiya ana jin gurzarsa a tafin hannu. A bi notin kowane wili da sifana, musamman idan an taɓa tayar kwanan nan, domin rawar da ta fara farat ɗaya tana ƙaruwa cikin mintuna sau da yawa noti ne ke kwancewa.

Rashin balansin kaɗai ana iya tafiya da shi a rage gudu. Kumburin taya, bol-join mai motsi, tayarod mai motsi, boris mai gurnani da wilin da ke yin zafi, ko ɗaya daga cikinsu aka samu, a gyara a Kano kafin a ɗauki hanyar Wudil.